Na Bi Yaya Nafi'u Kamun Kifin da Ba a Ci

Juma'a: fita daga Gorton

Ƙarfe biyar da kwata na safe na ja ƙofar flat ɗina da ke Gorton na murɗa makulli. Na ce na safe ne don haka agogo ya nuna, amma ko alamar alfijir babu. A ƙarshen Nuwamba ranar Manchester kamar babban ma'aikacin gwamnati take: sai wajen takwas ta leƙo, kafin huɗu ta tashi daga aiki. Riguna uku na saka da safa biyu, na ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kan abaya.

'Yan uwana na Wudil da kuka dame ni da tambayar me ya kai ni tsakiyar tafki a cikin wannan sanyi, ga yadda aka yi. Ran Laraba Anti Sa'a, matar yayana Nafi'u, ta kira ni daga Birmingham. Ko doguwar gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Auta, ki zo ki ga yayanki."

"Subhanallahi! Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Masunci ya zama."

Na yi dariya har na ƙware. Ita ba ta yi ba. Ta ce wata biyar ke nan da council ɗin da yake wa aiki, wata ƙaramar hukuma ce a gefen Birmingham, ta sallame shi tare da rabin ofishinsu, bayan shekara goma sha ɗaya yana duba musu lafiyar gadoji. Ni ban sani ba. Hajiyarmu a Wudil ba ta sani ba. Tun daga nan ya sayi wani kwale-kwalen roba da ake hura wa iska, kwana uku a mako yana kan ruwa shi kaɗai, ya dawo babu kifi babu magana. Sai ta rage murya ta ce, "Ina tsoron ranar da za a kira ni a ce an ga kwale-kwalen, shi ba a gan shi ba."

Muna ajiye waya na sayi tikiti.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne a ƙasar. Gwamnati ta ce kowa ya ɗaure ciki, kuma kamar yadda kuka sani daga gida, mai faɗin haka ba ya ɗaure nasa. Bas ɗin asuba da ke bi ta layinmu an soke ta, don haka na taka minti goma sha biyu zuwa babban titi. Na wuce laburaren unguwa, wanda yanzu sai kwana biyu a mako yake buɗewa, da cocin da ake layin karɓar abincin gwangwani a ƙofarsa. Eh, layin abinci a Ingila. Na san ba za ku yarda ba, don ko hoton na turo cewa za ku yi haɗawa na yi.

Bas ta zo biyar da minti arba'in, muka ratsa Ardwick ta gaban gidajen ɗalibai, shida saura kaɗan ina babbar tasha. A wani lungu kusa da wurin ajiye kaya na yi sallar asuba.

Hanyar Birmingham

Doguwar mota ta tashi shida da rabi daidai. Fam bakwai na biya, arhar da ta fito da ni da duhu ke nan. Direban wani jibgegen Bature ne mai zane a damtse. Ya karɓi jakata ya ce, "Hutu za a je?"

Na ce, "Kamun kifi."

Ya dubi abayata, ya dubi sararin sama, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, 'yar uwa," da irin muryar da ake yi wa wanda za a shiga da shi tiyata.

Mil tamanin da 'yan kai ne tsakanin garuruwan biyu. Babu shinge ko ɗaya, babu mai leƙo kai ta taga ya ce a ba su na shan ruwa. Abin da suke da shi a maimakon haka shi ne robobin gyaran titi jere mil bayan mil, babu ma'aikaci ko ɗaya a bayansu. Mun yi minti ashirin da biyar muna rarrafe muna gaida robobi. Muka tsaya Stoke minti goma, na sayi shayin da ya fi kama da ruwan wanke kofi. Tara da minti ashirin muka shiga Birmingham, goma saura kwata ina ƙwanƙwasa ƙofa a Aston.

Aston

Anti Sa'a ta rame. Ta ajiye mini waina da miyar taushe, ta nuna falo da haɓa ta ce, "Je ki gani da idonki."

Teburin cin abinci ya zama shagon gyaran agogo. Yaya Nafi'u, injiniya mai digiri biyu, yana zaune da gilashin ƙara girma a goshi, ya matse wata 'yar ƙugiya a bakin ƙarfe yana naɗa mata zare da gashin zakara. Gashin tsuntsu ko'ina, har cikin kwanon sukari.

"Auta! Saukar yaushe? Ya uni?"

"Jami'a lafiya, Yaya. Mene ne wannan? Laya kake haɗawa?"

"Ƙuda ne."

"Ƙuda."

"Na ƙarya. Shi kifin trout yake ci a zaton na gaske ne."

"To tana ta ƙare a ƙasar ne? Ita ma an tsuke ta?"

Ya cire gilashin ya yi mini bayani na minti arba'in, har wainata ta huce. Wai sa tana a ƙugiya aikin marasa ilimi ne. Wai sai ka karanci ruwa, ka karanci iska, ka san irin ƙwaron da ke ƙyanƙyashewa a wannan makon. Wai a lokacin sanyi kifin na sauka ƙasa ya yi lamo, sai ka kai masa ƙudan har bakinsa a hankali kamar mai ba majinyaci kunu. Mutumin da Anti Sa'a ta ce ba ya haɗa jimla biyu a gida, ga shi yana zuba kamar rediyo. Maganar aiki kuwa ko da wasa bai ɗauko ba, ni ma na yi kamar ban sani ba.

Na ce, "Gobe da ni za a je."

Ya yi dariya. Na ce ni 'yar Wudil ce kamar shi, a bakin kogi ɗaya aka yanke mana cibiya, idan yana tsoron ƙanwarsa ta fi shi ne ya faɗa. Wannan ta kama shi, tun muna yara haka yake. Ya buga wa wani abokinsa waya ya aro mini kwale-kwale.

Abu ɗaya na lura da shi. Da lokacin Juma'a ya yi, bai nufi masallacin da mutanenmu ke zuwa ba, mai tafiyar minti biyar. Mota ya shiga ya tafi wani can nesa, inda babu Bahaushe ko ɗaya.

Bayan ya dawo ya kai ni gidan waya aka yanka mini lasisin kamun kifi na kwana ɗaya, fam huɗu ba 'yan kwabbai. Ku ji fa: takarda daga gwamnati kafin ka jefa ƙugiya a ruwan Allah. Daga nan muka wuce filin shaƙatawa na unguwa don in koyi jifa. Sandar doguwa ce, ta fi ƙafa tara, ba ta da nauyi ko na kara. Ba ƙugiyar ake jefawa ba, igiyar ake kaɗawa gaba da baya a iska har ta miƙe, kana a sake ta. Shi idan ya yi, sai ka ce mai zana layi a sama. Ni da na yi, na kama reshen bishiya sau uku, na kama hular Yaya sau ɗaya, sannan wani kare ya kama igiyar ya gudu da ita. Mai karen, wata tsohuwa, ta tambaya ko mun san babu ruwa a filin.

Asabar: hanyar tafki

Bakwai saura minti goma muka bar Aston bayan sallar asuba. Sai da Yaya ya kankare ƙanƙara daga gilashin mota da katin banki. Anti Sa'a ta miƙo mini filas biyu, ɗaya shayi ɗaya farfesu, ta matse hannuna.

Mil talatin da takwas muka yi, rabi a babban titi, rabi a 'yan hanyoyin ƙauye da mota biyu ba sa giftawa. Gonaki sun yi fari fat. Na'urar mota ta nuna awon sanyi biyu a kan sifiri. Takwas da minti biyar muka tsaya gaban wata bukkar katako a bakin tafki.

Mai kula da wurin wani dattijo ne, Ken, jan hanci, haƙora huɗu. Yaya na kiransa Sarkin Ruwa, shi kuma ya koyi amsawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ta iya iyo?"

Yaya ya ce, "A bakin kogi aka haife ta."

Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne Hajiya ba ta taɓa barin 'yarta mace ta shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba.

Ken ya yanka mana tikiti biyu, ya ce, "Na kullum ko, Naf?" Yaya ya ɗaga kai da sauri. Ban fahimci wannan "na kullum" ba sai daga baya.

Sai aka fito da kwale-kwalen. Jama'a, kun san goran da masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa? To Bature ya ɗauki wannan ya kai shi makaranta. Ayaba biyu ce manya ta roba, kowace ta fi ni tsawo, an haɗa su da ƙarafa, an ɗora kujera a tsakiya, da filafili biyu a gefe. Babu ƙasa. Ƙafafunka a cikin ruwa suke reto. Minti ashirin muka yi muna taka famfo kafin kowanne ya cika, kuma wannan ne kaɗai lokacin da na ji ɗumi a ranar.

Tufafin kuwa, Allah ya sa babu mai kyamara. Wandon roba ne haɗe da takalmi, ya zo har ƙirji. Na cusa abaya a ciki na koma kamar buhun gero. Aka ɗaura mini rigar ceto a kai, aka maƙala mini wasu faffaɗan takalma irin ƙafar agwagwa. Yaya ya ce da baya-baya ake shiga ruwa. Haka 'yar Alhaji mai neman digirin dakta ta shiga tafki da baya, tana salati da ƙarfi, Ken na riƙe da igiya yana cewa, "Kyakkyawa, kyakkyawa, kar ki kalli ƙasa."

A kan ruwa

Tara da minti goma muka bar gaɓa. Sanyin da ya kama ƙafata ta cikin robar ba irin wanda kuka sani ba ne. Ba ya sa karkarwa, cizo yake yi. Bayan kwata ɗaya ya daina, na ji daɗi, sai Yaya ya ce wannan alamar ƙafar ta mutu ce, in riƙa motsa ta.

Tuƙin ma wani karatu ne. Hannuna na dama ya fi ƙarfi, don haka da'ira na riƙa yi. Na ga bukkar Ken, na ga bishiyoyi, na ga Yaya, na sake ganin bukkar Ken. Akwai wasu maza biyar a kan ruwan, kowa a kan tasa ayabar, nesa da juna, sun dunƙule cikin huluna, babu mai magana. Duk sun juyo suna kallon yadda nake kewaya kaina. Ɗaya ya ɗaga mini babban yatsa.

Jifa na farko, ƙudan ya kama bayan hijabina ya ɗaga shi. Na biyu ya faɗi a cinyata. Na uku iska ta dawo mini da igiyar gaba ɗaya ta naɗe ni kamar dambun nama a leda. Yaya ya matso ya kwance ni yana ƙoƙarin ɓoye dariya. Rabon da in ji irin wannan dariyar tasa na manta.

Ya ce, "Bar jifan. Saki igiyar a bayanki kawai, ki riƙa tafiya a hankali."

Awa biyu muka yi haka. Babu kifi. Hancina na zuba, ban ma ji ba sai da ya kai leɓe. Shi kuwa yana ta canza ƙuda, baƙi, kore, mai jan wutsiya, yana kaɗa igiya cikin natsuwa kamar liman a mihrabi.

Wajen sha ɗaya da rabi iska ta tura mu wata kusurwa bayan ciyayi, ayabata ta jingina da tasa. Na zuba mana shayi. Yatsuna sun ƙi riƙe kofi sai da hannu biyu.

Na ce, "Yaya, Anti Sa'a ta faɗa mini."

Bai juyo ba. "Na sani. Ke da ko wanka sai an tafasa miki ruwa, ba kifi ne ya kawo ki ba."

"Tana tsoron kar ka yi wa kanka wani abu a nan."

Nan ya juyo, fuskarsa ta canza. "Ni? A'uzubillahi! Haka ta ce?"

"Me kake so ta ce? Ka fita da duhu, ka dawo da duhu, ba ka ce mata ci kanki ba."

Ya mayar da ido kan ruwa. Can ya ce, "Auta, kin san gaisuwarmu. 'Injiniya, ya aiki?' A masallaci, ya aiki. A suna, ya aiki. A waya daga gida, kafin a tambayi lafiyarka, ya aiki. Sai in ce da godiya. Ƙarya sau ashirin a rana. Ranar da aka ba ni takardar redundancy, wato ta sallama, matar da ta miƙo mini cewa ta yi ba ni aka kora ba, kujerar ce aka soke. Na ce to kujerar ce ke da 'ya'ya uku?"

Ya nuna mazan da ke kan ruwa da bakin sanda. "Wancan mai jar hula shekara ashirin yana tuƙa motar laburare. Na bayansa ma'aikacin kula da matasa ne. Duk rana ɗaya aka zubar da mu kamar shara. Wata biyar muna haɗuwa a nan, babu wanda ya taɓa tambayar wani ya aiki. Tambaya ɗaya ce: ya ci? Ka ce bai ci ba. Shi ke nan, mutuncinka na nan."

"Kana nema kuwa?"

"Takarda nawa na tura? An kira ni interview sau biyu. Na biyun, wanda ya yi mini tambayoyi ni na koya masa aiki."

"To Hajiya fa?"

"Hajiya ta gaya wa duk Wudil ɗanta ne ke riƙe da gadojin Ingila. In ce mata me?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa mai hikima, irin ta masu karatun dakta. Sai sandar da na manta da ita a cinyata ta yi tsalle.

Na cafke ta da ƙyar, shayi ya kife a kan wandon roba. Sandar ta lanƙwashe, faifan igiya na ƙara, ayabata ta juya ta fara bin abin da ke ƙasa. Na ƙwalla ihu da Hausa tsantsa. Yaya na ihu shi ma: "Ɗaga sandar! Kar ki ja! Bar shi ya gudu! Yanzu ja! Na ce kar ki ja!" Maza biyar ɗin nan da na ɗauka gumaka ne duk suka farfaɗo, kowa na ba da tasa shawarar daga nesa. Kifin ya yi tsalle sama, azurfa da ratsin ja a gefe, ya faɗa ya sake nutsewa. Minti bakwai muka yi, in ji Yaya. Ni na ɗauka awa ce. Daga ƙarshe ya zura 'yar komarsa ya ɗago shi.

Tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, mai ƙiba, jiki duk ɗigo-ɗigo. Nan take na gama shirin komai: rabi farfesu, rabi a soya da yaji.

Yaya ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya sunkuyar da komar cikin ruwa.

"Yaya, me kake yi?"

"Sakinsa zan yi."

"Sakin wa? Kifina?"

"Ƙa'ida ce. A kama, a saki. Wasan ke nan, ba cin ba."

"Wasa? Na taso tun daga Manchester, ƙafata ta mutu, hijabina ya yage, don in gaisa da kifi? Yaya, kai ɗan Wudil ne kuwa? Idan masuntan bakin gada suka ji wannan, wallahi sai sun yi maka ruƙiyya!"

Ya riƙe kifin a ruwa yana shafa shi kamar jariri, har ya kaɗa wutsiya ya tafi. Ko waiwaye bai yi ba, mara kunya. Mai jar hula ya tafa mini. Na harare shi.

Gaɓa

Ɗaya da rabi muka fito. Ken da Yaya ne suka ɗago ni, don ƙafafuna sun ce ba su san ni ba. Da ragowar ruwan ɗumi muka yi alwala, muka yi azahar a bayan bukka a kan ledar kwale-kwale, muka ɗan jira la'asar, wadda a wannan lokacin take biyo ta a guje.

A cikin bukka, gefen hita, na kai wa Ken ƙarar Yaya. Na ce wace irin doka ce wannan ta hana mutum cin abin da ya kama?

Ken ya ce, "Babu dokar da ta hana, 'yata. Tikiti iri biyu ne. Akwai na tafiya da kifi biyu, akwai na saki. Na sakin ya fi arha da rabi." Ya kurɓi farfesun Anti Sa'a, ido ya kawo ruwa saboda yaji. "Da can kowa na tafiya da kifi yake saya. Tun da aka fara kore-koren nan, duk sun zama masu tausayin dabbobi."

Na juya na kalli Yaya. Yana ta karanta wata sanarwa a bango kamar za a yi masa jarrabawa a kanta.

A mota na ce, "Wasan ke nan, ba cin ba, ko?"

Ya ce, "Auta, ki yi wa Allah."

Muka yi dariya har sai da ya tsaya a gefen hanya. Da ta lafa ya kifa kai a sitiyari, ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya ce, "Da gaske Sa'a ta yi zaton haka?" Na ce da gaske. Ya tada mota.

Huɗu da rabi muka shiga Aston, gari ya riga ya yi duhu. Ya tsaya shagon 'yan Bangladash ya sayi karfasa huɗu daskararru. Masunta biyu, lasisi biyu, kwale-kwale biyu, mil saba'in da shida, ga abin da muka shiga gida da shi a leda. Ya wuce kicin wurin matarsa ya tura ƙofa. Na zauna a falo cikin gashin zakara, ƙafafu a baho. Sun fi awa ɗaya. Da suka fito idonta ya yi ja, amma tana yi masa tsiya a kan karfasar.

Lahadi: waya, da hanyar gida

Goma na safe, bayan karin kumallo, Yaya ya ajiye waya a tsakiyar tebur ya buɗe murya, ya ce mu zauna kusa. Hajiya ta ɗauka. Aka gaisa, ta tambayi jikoki, sannan ta ce, "Ya aiki?"

Ya ce, "Hajiya, babu aiki. Wata biyar ke nan. An rage ma'aikata, har da ni."

Muna jin kukan akuya a bayanta.

"Wata biyar? To me kake yi tun lokacin?"

"Ina nema. Ina kuma... zuwa kamun kifi."

"To alhamdulillahi, ai sana'a ce. Kakanka, mahaifina, da ita ya riƙe gida. Aiki kuwa wanda ya ba ka na farko bai mutu ba. Abin da ya ɓata mini rai, ka bar ni wata biyar ina aiko maka da buƙatun mutane kana biya, ashe daga jikinka kake yanka. Wannan ba kunya ba ce, Nafi'u, wauta ce. Ana samun kifin dai?"

Na kasa daurewa. Na ce, "Hajiya, ana samu. Ni ma jiya na kama ƙato. Sai dai sakinsa yake yi."

"Wa?"

"Yaya. In ya kama sai ya shafa shi ya mayar ruwa."

Hajiya ta ja salati.

"Ba ni Sa'adatu."

Anti Sa'a ta matso. Hajiya ta ce, "Sa'adatu, batun aiki mai sauƙi ne. Wannan na biyun, ku fara yi masa tofi a ruwa safe da yamma."

Ƙarfe biyu na rana Yaya ya kai ni tasha. Ya ce in zan ba ku labari in bayar duka, kar in rage, ya gaji da ɓoyo. Motar ta tashi biyu da kwata, muka sake gaida robobin nan a hanya, biyar da minti goma muna Manchester cikin yayyafi. Shida saura na buɗe ƙofata a Gorton. Yatsun ƙafata uku sun kumbura sun yi shuɗi. Na kira GP, wato asibitin unguwa, washegari, aka ba ni ganin likita bayan mako uku. Kafin ranar ta zo sun warke don kansu, wataƙila tsarin ke nan.

Ga masu tambaya: Yaya ya samu aiki da bazara ta shigo. Wani kamfani ne ya ɗauke shi, wanda aka ba kwangilar duba gadojin nan dai da aka sallame shi a kansu. Gadojin su ne, motar aikin ita ce, albashin ne kawai ya rame. Ya koma masallacin mutanenmu. Ranar Asabar kuma har yanzu yana kan ruwa, sai dai yanzu Anti Sa'a ta san lokacin dawowarsa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da yatsuna goma cif. Na gode wa Anti Sa'a da ta yi magana a lokacin da ya kamata, da Ken da ya tona asiri ba da niyya ba, da Yaya da ya yarda na yi masa wannan tsiyar a gaban jama'a. Wanda kuma ya ji sha'awa a cikinku, ya sauka bakin gadar Wudil da yamma, ya sayi nasa soyayye da yaji, ya zauna a inuwa ya ci, ya gode wa Ubangijinsa.